Wasiƙun Hans Scholl da Mahaifiyarsa: Abin da Alƙalami Ya Rubuta da Abin da Ya Haɗiye

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, yaya za a yi da wanda fuskarsa ta yi nisa, babu abin da ke isowa daga gare shi sai takarda a ninke cikin ambulan? Wannan ita ce jarrabawar kowace uwa da yaƙi ya raba ta da ɗanta. Takarda za ta iso ta ce lafiya lau, abinci na isa, kada a damu. Uwar za ta karanta da ido, ta sake karantawa da zuciya, tana laluben abin da alƙalami ya so faɗa ya haɗiye.

A wannan mako filin namu zai leƙa Jamus ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, domin mu dubi wasiƙun wani ɗalibin likitanci mai suna Hans Scholl da mahaifiyarsa Magdalena. Sunansa sananne ne a ƙasarsu. Yana cikin jagororin ƙungiyar ɗaliban da ta kira kanta Farin Wardi, wadda ta yi wa mulkin Hitila tawaye da takarda da tawada, aka kuma fille masa kai a 1943 yana da shekara 24. A yau makarantu da tituna da yawa a Jamus suna ɗauke da sunansa da na ƙanwarsa Sophie. Sai dai abin da ya kawo mu yau shi ne hirar da ta gudana a takarda tsakaninsa da gida, wadda marubuciya Inge Jens ta tattara ta buga a 1984 tare da ta ƙanwar tasa. Akasarin abin da ke cikin littafin ɓangaren 'ya'yan ne. Muryar uwar sai dai a tsince ta daga amsoshin da suke ba ta, kamar yadda mutum ke gane abin da ake faɗa wa mai waya a gefensa. Duk da haka tana fitowa sarai, kuma darasin da ke cikinta mai nauyi ne: uwar da ta tarbiyyantar da ɗanta a kan gaskiya ba ita ke zaɓar ranar da zai yi aiki da tarbiyyar ba, ba kuma ita ke yanke abin da za a biya ba.

Gidan da wasiƙun ke sauka

Magdalena ma'aikaciyar jinya ce, daga cikin matan cocin Furotesta da kan sadaukar da rayuwarsu ga hidimar marasa lafiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a asibitin sojoji a garin Ludwigsburg. A nan ta haɗu da Robert Scholl, saurayin da ya ƙi ɗaukar bindiga ya zaɓi jinyar waɗanda suka ji rauni, suka yi aure a 1916. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: ɗan da zai riƙa rubuto wasiƙa daga asibitin bakin daga yana rubuto wa matar da ta san warin irin wannan asibiti tun kafin a haife shi. Ba irin uwar da za a ruɗa da “lafiya lau” ba ce.

An haifi Hans ranar 22 ga Satumba, 1918. Shi ne ɗa namiji na farko da Magdalena ta haifa, bayan yayarsa Inge. A 1932 iyalin suka zauna a birnin Ulm, inda uban ke aikin ba da shawara kan haraji da lissafin kuɗi. Shekara guda bayan haka Hitila ya hau mulki, guguwarsa kuma ta kwashi yaran gidan. Hans ya shiga ƙungiyar matasan Hitila duk da adawar mahaifinsa, ya zama shugaban yara, har ya riƙe tuta a babban gangamin jam'iyyar Nazi a Nuremberg a 1935. Gida ya zama fagen gardama tsakanin uba da ɗa.

Sannu a hankali sha'awar ta dusashe. A watan Disamba na 1937, yana aikin soja na dole, aka kama shi bisa zargin harka da wata ƙungiyar matasa da aka haramta, haɗe da wata tuhuma da ta shafi rayuwarsa ta ƙashin kansa. Ya yi makonni a tsare, shari'ar kuma ta ƙare da afuwa a 1938. A wannan tsakani ne wasiƙun uwar suka fara nuna ƙarfinsu. Ba ta juya masa baya ba a lokacin da kunya ta rufe shi. Ta riƙa rubuta masa ayoyi daga littafinta mai tsarki, shi kuma ya amsa da godiya, yana cewa sun dawo masa da natsuwa. Tun daga nan takarda ta zama igiyar da ke tsakaninsu. A 1939 ya fara karatun likitanci a Jami'ar Munich, kafin shekarar ta ƙare yaƙi ya ɓarke.

Mai karatu na uku

Kafin mu buɗe wasiƙun yaƙi, ya kamata mu san hanyar da suke bi. Rundunar Jamus ta kafa gidan waya na musamman domin sojoji, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1939 da 1945 an yi jigilar saƙonni biliyan 30 zuwa 40 tsakanin bakin daga da gida. Kyauta ake kai wasiƙar soja, ba ta buƙatar kan sarki. Gwamnati ba don tausayi ta yi haka ba. Ta san cewa sojan da ke jin labarin gida ya fi daɗewa a ramin daga, uwar da ke samun takarda kuma ta fi haƙuri da yaƙi. A maimakon adireshi, kowace runduna tana da lamba mai alƙaluma biyar, don kada a san inda take. Wato uwa na rubuta wa ɗanta ba tare da ta san a wace ƙasa zai karanta ba.

Akwai kuma ofisoshin tace wasiƙu. Ba su iya buɗe kowane ambulan, sai dai su tsinci wasu su duba, amma wannan ya isa, domin babu wanda ya san ko tasa ce za ta faɗa hannunsu. Doka ta tanadi laifin da ake kira sanyaya gwiwar mayaƙa, wanda hukuncinsa kan kai har ga kisa. Saboda haka kowace wasiƙa tana da masu karatu biyu da kuma inuwar na uku. Mai rubutu yana auna kalmarsa da ma'auni biyu: kada ta tayar wa uwa hankali, kada kuma ta jawo wa gidan fitina. Baki shi ke yanka wuya, alƙalami kuwa ya fi baki haɗari, domin shaidarsa ba ta gogewa.

Ina ganin mai karatu Bahaushe ya fi mutane da yawa shirin fahimtar irin wannan rubutu. Mun taso a al'adar da uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, ta kan kau da kai idan ya shigo, alhali shi ne a ƙoƙon ranta. Mun san kara, mun san kawaici, mun san ƙaunar da ke ɓuya a cikin shiru. Jamusawa ba su da wannan al'ada, amma mulkin kama-karya ya koya musu wani abu mai kama da ita bisa tilas.

Faransa, 1940

Gwamnatin Nazi ba ta janye ɗaliban likitanci daga karatu gaba ɗaya ba, domin tana buƙatar likitoci. Sai ta zuba su cikin rundunonin ɗalibai: suna sanye da kaki, suna zuwa aji, idan an yi hutu ko buƙata ta taso a tura su asibitocin bakin daga. Haka Hans ya bi rundunar da ta mamaye Faransa a 1940, yana taimaka wa likitoci a ɗakin tiyata tun bai yi nisa a karatu ba.

Wasiƙunsa na wannan lokaci cike suke da ƙananan abubuwan da ke riƙe zumunci: lafiyar jiki, littattafan da ya samu, ƙoƙarinsa na koyon Faransanci, gaisuwa ga 'yan'uwa. Wanda bai san yaƙi ba zai ce wannan shirme ne a tsakiyar gobara. Amma waɗannan ƙananan labarai su ne hanyar da ɗa ke tabbatar wa uwa cewa har yanzu shi ne yaron da ta sani. A tsakankaninsu kuma gaskiya kan ɓullo. Ya rubuta wa iyayensa damuwarsa kan yadda suke kwana a gidajen mutanen da suka gudu, da yadda ake wawashe kayan jama'a, har yana tuhumar kansa ko shi ma ya zama ɓarawo. Ya kuma koka kan yadda yawan ganin jini ke kashe tausayi a zuciyar mai jinya.

A lura da wa ya kai wa wannan kuka. A shekarar da Jamus ke murnar cin Faransa cikin makonni shida, ana kaɗa ƙararrawar coci ana ɗaga tutoci, saurayi ɗan shekara 21 yana rubuto wa gida cewa nasarar ba ta yi masa daɗi ba. Ya san gidan da zai karɓi irin wannan magana. Da iyayensa irin masu son jin labarin lambar yabo ne, da ya koyi yin shiru tun daga nan, wataƙila kuma da zuciyar ta bushe kamar ta dubban takwarorinsa.

Sana'ar da ta sayar da kanta

Akwai dalilin da ya sa kasancewarsa ɗalibin likitanci ke da muhimmanci. A Jamus ta Hitila likitoci na cikin waɗanda suka fi rungumar jam'iyyar Nazi. Kusan rabinsu sun yanki katinta. Da sa hannun likitoci aka gudanar da shirin kashe naƙasassu da masu taɓin hankali, wanda ya hallaka mutum kimanin 70,000 kafin watan Agusta na 1941. A cibiyar Grafeneck kaɗai, wadda ba ta da nisa da Ulm, an kashe fiye da 10,000 a 1940. Labarin bai ɓuya ga ma'aikatan jinya na coci ba, domin daga gidajen da suke kula da su ake kwashe mutanen. Da Bishop von Galen na Münster ya yi wa'azi a fili yana la'antar kisan a 1941, kwafin wa'azin ya riƙa yawo a ɓoye, har ya faɗo cikin akwatin wasiƙun gidan Scholl.

Saboda haka ɗalibin da ke zaune a ajin likitanci a Munich yana da misalai biyu a gabansa. Ga manyan sana'ar da suka mayar da ilimin warkarwa makamin kisa, ga kuma tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Ulm wadda ta ɗauki mara lafiya a matsayin amana. Huɗu daga cikin jigogin Farin Wardi ɗaliban likitanci ne: Hans Scholl, Alexander Schmorell, Willi Graf da Christoph Probst.

A watannin Yuni da Yuli na 1942 Hans da Schmorell suka rubuta ƙasidu huɗu, suka buga da tafireta, suka gurza kwafi kimanin 100 na kowace, suka aika ta gidan waya ga malamai, likitoci, masu shagunan littattafai da sauransu. Ƙasida ta biyu ta faɗi abin da ba a faɗa a fili a Jamus: cewa an kashe Yahudawa 300,000 a Poland, kuma duk wanda ya yi shiru yana da kaso a laifin. A daidai waɗannan makonni Hans na ci gaba da rubuta wa gida wasiƙu na yau da kullum. Hannu ɗaya, gidan waya ɗaya, wasiƙu iri biyu. Ya gaya wa baƙi gaskiyar da za ta iya kashe shi, ya ɓoye wa mahaifiyarsa cewa shi ne mai faɗin ta. Wanda bai sani ba ba shi da abin da zai furta a hannun 'yan sandan ciki na Gestapo. Wannan shiru kariya ce, kuma shi ne kyauta mafi tsada da ya iya ba ta.

Wasiƙar da ta isa Rasha

Ranar 23 ga Yuli, 1942, aka tura rundunar ɗalibansu bakin daga na gabas. Jirgin ƙasan ya tsaya a Warsaw, kwanaki kaɗan bayan an fara kwashe Yahudawan birnin zuwa sansanin kisa na Treblinka. Hans ya rubuto wa iyayensa labarin kufai da yara masu yunwa da ke roƙon burodi a titi, ya ce zama a birnin zai sa shi ciwo. Daga nan suka wuce Gzhatsk, garin da ke yamma da Mosko, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Gagarin. Schmorell, wanda aka haifa a Rasha kuma mahaifiyarsa 'yar Rasha ce, ya zama tafintansu. Suka riƙa shiga gidajen manoma, suna hira da waƙa da mutanen da farfagandar ƙasarsu ke cewa ba su cika mutane ba. Wasiƙun Hans daga can suna yabon faɗin ƙasar da halin mutanenta. Wannan ma hannunka-mai-sanda ne ga mai hankali.

A can ne, cikin watan Agusta, wasiƙar uwar ta iske shi da mummunan labari. Wata ma'aikaciya a ofishin mahaifinsa ta kai ƙararsa bayan ta ji ya kira Hitila masifar da Allah ya saukar wa mutane, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin wata huɗu. Magdalena ta roƙi 'ya'yanta biyu da ke bakin daga, Hans da ƙanensa Werner wanda rundunarsa ke kusa, su rubuta takardar neman sassauci. Lissafinta daidai ne. Roƙon sojoji biyu da ke fagen fama yana da nauyi a idon hukuma, kuma babu abin da zai ci musu sai takarda da tawada.

Hans ya rubuta a kundinsa na sirri cewa ba zai nemi afuwa ba ko ta halin ƙaƙa, kuma ya san bambancin girman kai na ƙarya da mutunci na gaskiya.

A nan ne zuciyar labarin take, kuma ya kamata mu yi wa kowannensu adalci. Uwar ba matsoraciya ba ce, ba kuma mai goyon bayan Hitila ba. Mace ce mai shekara 61, mijinta zai shiga kurkuku, 'ya'yanta maza biyu na Rasha, hanyar abincin gida na neman toshewa. Aikinta shi ne ta riƙe gida kada ya watse, kuma idan sunkuyar da kai na ɗan lokaci zai fito da maigida, to arha ne. Da irin wannan hikima iyaye mata suka tsallakar da zuriya a kowane zamani na fitina. Shi kuwa ɗan yana ganin wani abu dabam. Neman afuwa amincewa ne cewa an yi laifi. Mahaifinsa gaskiya ya faɗa, kuma shi kansa makonni kaɗan da suka wuce ya rubuta wa Jamusawa cewa sunkuyar da kai ne ya kai su inda suke. Yaya zai roƙi gafarar mutumin da yake kira azzalumi a ɓoye?

Abin da ya fi ciwo shi ne, ba zai iya yi mata cikakken bayani ba. Dalilinsa mafi ƙarfi yana cikin sirrin da yake ɓoye mata. Sannan ƙin da ya yi, daga ina ya samo shi? Daga uban da ya ƙi bindiga a yaƙin farko, da uwar da ta koya masa cewa akwai hukuncin da ya fi na sarakuna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tarbiyyarta ce ta dawo ta ƙi roƙonta.

Kwana huɗu na Fabrairu

Sun dawo Munich a farkon Nuwamba. Sophie, wadda ta shiga jami'ar a watan Mayu na wannan shekara, ta riga ta shiga aikin gadan-gadan, ita da yayanta kuma suka kama gida ɗaya. Ƙasida ta biyar ta fita a Janairu 1943 cikin dubban kwafi. Ta shida, wadda Farfesa Kurt Huber ya rubuta, ta biyo bayan faɗuwar rundunar Jamus a Stalingrad a farkon Fabrairu.

Ranar 18 ga Fabrairu Hans da Sophie suka shiga jami'a da akwati cike da ƙasidu, suka ajiye su a bakin azuzuwa, ragowar kuma Sophie ta turo su daga bene suka watsu a tsakar gini. Wani ma'aikacin kula da ginin ya gan su ya kama su. A aljihun Hans aka sami daftarin ƙasida ta gaba da rubutun hannu. A ɗakinsa aka sami tarin kan sarki, da wata wasiƙar zumunci daga abokinsa Christoph Probst. Aka gwada rubutun biyu, suka zo ɗaya. Wasiƙar aboki ta zama shaidar da ta kai uban 'ya'ya uku ga mutuwa.

Ranar 22 ga wata aka gurfanar da su uku gaban alƙali Roland Freisler na kotun da ake kira Kotun Jama'a. Iyayen suka taho daga Ulm, suka kutsa cikin zauren, uban ya nemi ya kare 'ya'yansa aka fitar da shi. Kafin azahar ta wuce an yanke hukuncin kisa. Ma'aikatan kurkukun Stadelheim suka ba iyayen 'yan mintuna su gana da 'ya'yansu. Kamar yadda yayarsu Inge ta ruwaito a littafinta na 1952, Hans ya gode musu, ya ce ba ya riƙe da ƙiyayyar kowa. Uwar ta miƙa masa alewa bai karɓa ba, Sophie ce ta karɓa. Ko a bakin kabari, hannun uwa abinci yake miƙawa. Da misalin ƙarfe 5 na yammacin ranar aka fille musu kai su uku.

Hans da Sophie sun rubuta wasiƙun bankwana ga iyayensu, hukuma ta ƙi isar da su. Mahaifiyar Probst kuwa an bar ta ta karanta wasiƙar ɗanta a gaban jami'ai, aka karɓe. Gwamnatin da ta yi jigilar biliyoyin wasiƙu kyauta ta ji tsoron takarda guda daga ɗa zuwa ga uwarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin abin da muke magana a kai.

Ya kyauta mata?

Tambaya ce da bai kamata a kauce mata ba. Kwanaki kaɗan bayan jana'iza aka kama Magdalena da mijinta da 'ya'yansu mata biyu a ƙarƙashin tsarin kamun dangi, ta yi watanni a tsare. An sake ɗaure uban wata 18 bisa laifin sauraron rediyon ƙasashen waje. Werner ya koma bakin daga, ya ɓace a 1944. A cikin 'ya'ya shida da ta haifa, ɗaya ta rasu tana jaririya, biyu an kashe, ɗaya ya ɓace. Biyu kaɗai suka rage lokacin da ta rasu a 1958. A ɗaya ɓangaren, ɗaliban Munich ba su yi bore ba, yaƙin kuma ya ci gaba har watan Mayu na 1945. Jiragen Ingila sun watsa ƙasida ta shida a kan biranen Jamus a tsakiyar 1943, amma babu mai cewa hakan ya rage wa yaƙin kwana guda. Mai lissafin riba da asara zai ce yaro ya jefa gidansu a wuta a banza.

Ban yarda da wannan lissafi ba. Ba Hans ne ya kawo wutar gidan ba. Werner bai rarraba ƙasida ba, ya yi biyayya ya tafi inda aka tura shi, shi ma bai dawo ba. Miliyoyin iyaye mata a Jamus sun rasa 'ya'yan da suka yi shiru suka bi umarni. A ƙarƙashin irin wannan mulki shiru bai taɓa zama lamunin rai ba. Bambancin kawai shi ne a kan me ɗan ya mutu. Bayan yaƙi, a shari'ar likitoci ta Nuremberg ta 1946 zuwa 1947, an gurfanar da mutum 23, 20 daga cikinsu likitoci. Su ma 'ya'yan wasu ne, su ma sun rubuta wa gida cewa lafiya lau.

Ba kuma ina cewa Hans waliyyi ba ne. Ya ɗauki tutar Hitila yana yaro, ya sa kakin rundunar da ta mamaye ƙasashen mutane, gangancin da ya yi ranar 18 ga Fabrairu kuma ya ja abokinsa zuwa kabari. Darajar wasiƙunsa ita ce suna nuna mutum yana canzawa a hankali, shekara bayan shekara, a gaban mai sauraron da ba ta gaji da shi ba.

Namu saƙonnin

Wannan labarin Jamus ne, kuma a can ya kamata a bar shi. Amma zaman jiran saƙo daga ɗalibin da yaƙi ya rutsa da shi ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Da faɗa ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, dubban ɗaliban Nijeriya ne suka maƙale a Sudan, da yawansu 'yan Arewa, da yawansu kuma masu karatun likitanci. Wasu sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Halin da suka shiga dabam yake da na Hans, domin su baƙi ne da ke gudun yaƙin da ba nasu ba. Abin da ya haɗa su shi ne awon kalma: me za a gaya wa Inna, me za a bari sai an dawo. Yawancin waɗannan saƙonni na murya ne a WhatsApp, kuma za su tafi tare da wayoyin da ke ɗauke da su. Mun san zuciyar Hans Scholl a yau saboda gidansu ya adana takarda. Iyalan da ke da irin waɗannan saƙonni su kwafe su, su rubuta su, su adana. Tarihi ne, kuma jikoki za su nema.

Saura magana guda, ga iyaye da mu malamai. Kullum muna gaya wa yara su faɗi gaskiya, su tsaya wa mai rauni, su ƙi zalunci. Ranar da suka tashi tafiya jami'a kuma sai mu ce: ka yi abin da ya kai ka, kada ka sa baki a abin da ba ruwanka. Dukkan nasihohin biyu daga ƙauna suka fito, kuma a yawancin kwanaki ba sa cin karo. Amma akwai ranar da sukan yi, kamar ranar da aka ce wa matashin likita ya sa hannu a takardar ƙarya, ko ya kau da kai daga majinyacin da ba shi da gata. Ba ina kiran ɗalibi ya jefa kansa a halaka ba. Rai abin tattali ne, kuma jarumta ba ganganci ba ce. Abin da nake cewa shi ne, mu zama irin gidan da ɗa zai iya rubuto wa damuwar zuciyarsa ba tare da tsoron a ce masa ya rufe baki ba. Magdalena Scholl ta roƙi ɗanta ya sunkuya sau ɗaya, ya ƙi. Duk da haka ba ta daina rubuta masa ba, kuma a ranar ƙarshe ita ce a bakin ƙofar kurkuku da alewa a hannu.